Kuɗin Awa Ɗaya

Ni ne Sallau, mai gyaran agogo a gindin gadar Obalande.
Shekara goma sha ɗaya ina ɗinke wa Ikko lokacinta
da ɗan hantsaki da gilashin ido ɗaya.

Wata Laraba bayan la'asar
aka fizge wayar wani babba a cikin cunkoso.
Mota ta tsaya, ba a tambayi sunan kowa ba.
Mu biyar aka kwasa:
mai lemo, yaran danfo biyu, wani kurma mai wankin takalmi,
da ni, agogon wata malamar asibiti a tafin hannuna,
cikinsa a buɗe kamar kifin da aka farke.

Beli kyauta ne, haka bango ya ce.
Na karanta har na haddace ta tsakanin ƙarafa.
Masu karatu da aljihu a gida suka kwana.
Ni dubu tamanin aka yanka mini,
dubu huɗu gare ni, su ma suka bi kanta ba su dawo ba.

Ɗakin ba taga.
Da hanci na koyi lokaci:
warin bokiti, asuba ta yi,
ƙaurin wake, rana ta raba.
Ka ji abin dariya,
mai agogo yana tambayar ɓarawon akuya ƙarfe nawa.

Daga nan sai Ikoyi, jiran shari'ar da ba ta da ranar zuwa.
Fayil ya ɓace. Wanda ya kama ni an yi masa canjin gari.
Lauya Morenike wani ta zo nema,
tarina ya tsayar da ita.
Ta ce me ka yi? Na ce ni ma jira nake a faɗa mini.

Kwana ɗari biyu da arba'in.

Alƙali ya gyara tabarau ya yi ta Turanci,
tafinta ya taƙaita: an zalunce ka,
naira miliyan uku, da ban haƙuri a jarida.
Aka yi ta ba ni hannu kamar ango.

Da dare na ɗauki biro, sana'ata ce rarraba lokaci.
Kwana ɗaya, dubu goma sha biyu da ɗari biyar.
Awa ɗaya, ɗari biyar da ashirin.
To awar da aka sa Inna a rami a Illela,
ƙanena ya tsaya inda ya kamata in tsaya,
ita ma ɗari biyar da ashirin ce?
Ko Yaba ba za ta kai ni a danfo ba.
Awar da Hajjo ta saki bango ta taka,
ga ta yanzu tana ɓuya bayan uwarta in na yi sallama,
a wane layi aka rubuta ta?

Teburina wani yaro mai cirar kuɗi ya gaje shi.
Malamar asibiti ta daina bi ta nan,
wataƙila har gobe ɓarawo take kirana.

Kada a ji ni a ce ba na so.
Ina so, har kwabon ƙarshe.
Haƙƙi ne, ba sadaka ba,
kuma wanda ya ci bulala ba ya raina man shafawa.
Sai dai damina biyu ke nan
takardar na kwance a gwangwani tare da matattun batura.
Sai an sa hannu a sama, in ji su.
Na je sau goma sha huɗu, na san mai gadin da sunansa.

Amma abin da ke hana ni barci ba kuɗin ba ne.
Kurman nan ne.
Na baro shi a ciki yana goge silifas ɗin mutane da gefen riga.
Kowace safiya ana kiran sunaye a tsakar gida.
Ba wanda ya san nasa.
Ko an kira,
wa zai taɓa kafaɗarsa?